Munduwar Kakar Hajiya Kande

Ku sababbin masu rakiyar baƙi, na ji abin da ɗayanku ya ce ranar da muka fara zama: wai wannan ai ba aiki ba ne, in dai mutum yana da baki. Na ci gaba da goge akwatin gilashin da ke kusa da taga, wanda munduwar tagulla ke ciki. Amsarku tana cikin akwatin nan, sai dai doguwa ce, shi ya sa na ga gara in rubuta muku ita.

Ban tsufa ba tukuna, amma a ɗakin nan ni ce tsohuwa. Na zo ne ina sabuwar gama sakandare, a farkon shekarun tamanin, lokacin bangon nan bai gama sakin ƙanshin goro ba, don da can sito ne. Mutanen zangon Salaga suka gyara shi, suka zuba littattafai a ɗaki ɗaya, ɗayan kuma aka ce kowane gida ya kawo aron aikin hannun da yake alfahari da shi, baƙi da 'yan makaranta su riƙa gani. Aka kawo ƙorai masu zane, da tumtum aikin dukawa, da rigar fugu saƙar Daboya, da alluna masu zayyana, da tasoshi. Ko allura ba tamu a ciki. Ku riƙe wannan tun yanzu: kowane abu a ɗakin nan yana da gida, gidan kuma yana da kunne.

Aikin farko da shugabana a ɗakin nan ya ba ni, ƙwarya ce. Sunansa Mista Buraima, tsohon malamin makaranta, mutumin Gonja, wanda ya koyi aikin laburare a kudu. Ya ajiye mini ƙwaryar da kati da fensir, ya ce in rubuta abin da na gani. Na daɗe ina juya ta a hannu, sannan na rubuta cewa zanenta kamar tsuntsaye ne suna komawa gida da maraice.

Ya karanta, ya ɗaga ƙwaryar, ya leƙa cikinta, ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Safura, ina tsuntsayen?"

Na nuna masa layukan.

"Wannan waƙa ce," in ji shi. "Sa ta a aljihu, ba ta lalacewa. Yanzu rubuta mini abin da makaho zai yarda da shi in ya shafa."

Sai na rubuta faɗinta, da tsagewar da gyartai ya ɗinke a bakinta, da cewa zanen da wuƙa mai zafi aka ƙona shi, ba sassaƙa ba ne. A ranar na gane ashe kallo ma koyonsa ake yi.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma har yau su ne. Akwatin kati mai aljihuna, wanda sandar ƙarfe ke ratsa katunan don kada su zube. Fensir, ban da biro, saboda sani yana canzawa. Gilashin ƙara girma, da igiyar awo, da tsumma, da busasshen ganyen darbejiya da muke sawa tsakanin littattafai saboda asu. Kowane abu yana da katinsa, an raba fuskar gida uku: ido ya gani, littafi ya ce, baki ya ce. In baki ne, sai an sa bakin wa. Bayan katin kuma nan ake rubuta abin da ba mu sani ba. Mista Buraima yakan ce bayan kati ya fi gabansa daraja, kuma duk mai rakiya da ba ya iya cewa "ban sani ba" a gaban baƙo, bai isa ya riƙe mabuɗi ba.

Shi ya koya mini yadda ake shiga littafi, ni ma nake koya wa masu sa kai irinku. Littafin bincike ba ta zaure ake shigarsa ba, ta ƙofar baya ne. Ka je fihirisa a ƙarshe, ka nemi abinka. In ba ka gan shi ba kada ka rufe, don Turawan da suka rubuta yawancin littattafan nan kowa da sunan da ya ba abu, kowa da yadda ya ji sunan gari. Ka neme shi da sunan abin da aka yi shi da shi, ka neme shi da sunan masu yinsa, ka neme shi da sunan kasuwar da ake sayar da shi. In ka samu, kada ka yi saurin murna. Ka koma gaba ka ga wane ne mai maganar, yaushe ya yi ta, ya taka ƙasar nan ko daga nesa ya ji. Sai ƙananan rubutun nan na gindin shafi, waɗanda idon mai gaggawa ke tsallakewa. Ni na fi son su. Kamar sawun kaji suke a tsakar gida bayan ruwa, in ka bi su sai su kai ka inda aka tono maganar.

Masu sa kai na farko manya ne: ungozoma, da mai gyaran rediyo, da malamai biyu. Ba a biyan kowa. Ranar Asabar suke zuwa darasi, in baƙi sun zo sai a aika a kira wanda ya fi kusa. Baƙin kuwa iri-iri ne. Akwai 'yan makaranta masu son taɓa komai. Akwai ma'aikata daga Tamale masu duba agogo. Akwai ƙauyawa da suka shigo fakewa rana, su tarar da irin ƙwaryar ɗakinsu a cikin gilashi, su yi ta dariya. Akwai kuma baƙaƙen fata daga hayin teku, waɗanda suka zo ganin rijiyoyin bayi da filin da aka sayar da mutane a da. Su sukan shigo a hankali, su tsaya a gaban kowane ƙarfe, su yi tambaya da murya ƙasa-ƙasa. Tambayarsu ta fi ƙarfin ɗakin nan. Daidai wurin nan ne harshen mai rakiya ke santsi, don mutum yana so ya ba baƙo abin da ya zo nema.

Muguwar shekarar ta same ni ina tsakiyar koyo, shekarar da fari da gobarar daji suka haɗa kai. Masu sa kai suka watse, kowa na bin layin masara. Babu takarda, babu kananzir. Kwalin sabulu muke yankawa mu yi kati, akwai sauransu a aljihun ƙasa, ku sansana ku ji. Gara ta taso ta bango muka yi ta jan kantoci tsakiyar ɗaki. Duk da haka kullum Mista Buraima sai ya buɗe ƙofa, ya ce ɗakin da aka rufe wata guda, mutane za su ɗauka ya mutu su zo rabon gado. Mutane na shigowa su zauna don inuwa, mu ma yunwa ta rage mana ido. Sai daga baya muka lura an yi ta yage shafuka daga manyan littattafai, musamman masu hotuna, saboda takardarsu ta fi kauri, ta fi riƙe ƙuli-ƙuli da gishiri. Mista Buraima bai zagi kowa ba. Da ruwa ya dawo sai ya ɗauke ni muka zaga makarantun Yendi da Bimbila, muka rubuto sunayen littattafan da suke da su, muka buɗe sabon aljihu muka kira shi aljihun maƙwabta. Bayan 'yan shekaru idonsa ya yi rauni, ya miƙa mini mabuɗi ya koma gida.

Munduwar nan, Hajiya Kande ce ta kawo ta. Babbar mai sarin goro ce, ita ce ma ta bi gida-gida tun farko ta lallashi matan zango suka fito da kayansu. Ranar da ta kawo ta na tambaye ta labarinta, ta ce, "Ta kakata ce," ta gyara mayafi ta tafi. Katin ya zauna haka kusan fayau. Katin da ba komai a kansa kuwa, kamar gonar da ba shinge ce.

A lokacin babban mai rakiyarmu shi ne Isiyaka, tela ne a bakin kasuwa, ya girme ni nesa. Ya yi makarantar midil, yana da Turanci daidai gwargwado, ga baki kamar an shafa masa zuma. In yana bayanin fugu sai ka ji kamar ka sa. Darasin Asabar ne ba ya so, yakan ce littafi na sa shi hamma.

Wata safiyar kasuwa ina jera littattafai sai na ji sallamar Hajiya, irin sallamar da ba ta jiran amsa.

"Ina telan nan?"

Aka kira shi. Ya shigo da igiyar awo a wuya, ya durƙusa.

"Isiyaka, ni na yi wa uwarka wankan jegonka. Yau kai ne ka sa wa kakata mari a ƙafa?"

Ashe ya daɗe yana gaya wa baƙi cewa munduwar nan ita ake ɗaura wa kuyangi don kada su gudu. Baƙi su yi hawaye, su ɗauki hoto. Wata 'yar makaranta ta kai labarin gida, daga gida ya je rijiya, daga rijiya ya isa rumfar goro.

"Hajiya, wallahi su suka tambaya," in ji shi. "Ga ta da nauyi, ga ta ba mabuɗi..."

"Su suka tambaya, kai kuma ka ɗinka musu amsa. Ka auna kafin ka yanka?"

Ta juyo gare ni.

"Ke kuma 'yar nan, zan tafi Kumasi sari. Ranar da na dawo zan zo in ɗauki abina. Waɗanda na jawo suka kawo nasu, ni zan gaya musu su zo su kwashe, tun kafin a ce tasar uwar wance ta wankan gawa ce."

Ba barazana ba ce. In Hajiya ta fita da munduwarta, kafin Juma'a ta zagayo ba abin da zai rage a ɗakin sai tsintsiya.

Isiyaka ya ce zai bi ta da dattawa a ba ta haƙuri. Na ce ya je, amma haƙuri ba ya cika kati, gobe wani zai tsaya a gaban munduwar ya ɗinka nasa. Na zaunar da shi a ɗakin littattafai, na sauko masa da babban littafin aikin ƙarfe mai koren bango. Ya buɗe shafin farko ya fara karantawa da yatsa.

"Yaya Isiyaka, a haka Hajiya za ta je Makka ta dawo ba ka isa ba."

Na juya masa littafin ta baya. Ya nemi munduwa, babu. Ya ce to shi ke nan. Na ce da me aka yi ta? Ya nemi tagulla, ya tarar da jerin shafuka kamar tururuwa. Na ce a ina ake sa ta? A ƙarƙashin tagulla ya gangara da yatsa har ya kai kayan adon ƙafa. Ya ɗago kai ya dube ni, ya mayar, ya buɗe lambar shafin da sauri. Ba shafin. Sai guntun gefensa a jikin ɗinki, saura daga muguwar shekara.

"Wani ya ci gyaɗa da amsata," in ji shi.

Amma hammar ta tafi. Shi da kansa ya jawo aljihun maƙwabta da na nuna masa, ya bi katunan har ya ga akwai irin littafin a laburaren wata sakandare a Yendi.

Ba mu da ikon fita da munduwar, ba tamu ba ce. Ga yadda ake tafiya da abu ba tare da an ɗauke shi ba. Na naɗa mata farar takarda, na goga gefen fensir a hankali har zanenta ya fito, igiyoyi murɗaɗɗu da 'yan ɗigo-ɗigo a tsakaninsu. Shi kuma ya zare igiyar wuyansa ya auna ta ciki da waje, kamar zai ɗinka mata wando. Yana cikin awon ne ya sa yatsa a cikinta ya tsaya.

"Madam, taɓa nan. Sumul kamar dutsen rafi. Kuma gefen nan ya fi wancan cinyewa."

Na ce ya rubuta a gidan ido. Wannan ne rubutunsa na farko a kati.

Muka hau lori ta Bimbila muka isa Yendi, muka sauka a gidan gwaggona, wadda mijinta ke karantar da manya a zaure. Da safe muka ratsa kekuna da babura muka je makarantar. Mai kula da littattafan ta ba mu tebur kusa da taga. Shafin yana nan lafiya. Hoton ƙafafun wata mata ne a zaune, ba fuska, kowace ƙafa da munduwa mai kama da tamu. A ƙasa an rubuta cewa matar wani attajiri ce.

Isiyaka ya tafa hannu har aka juyo ana kallonmu.

"Alhamdu lillahi! Matar attajiri! Tashi mu koma."

"Wa ya ce?"

"Littafi mana."

"Shi littafin wa ya gaya masa?"

Ya yi tsaki, amma ya sunkuya ya bi ƙaramar lambar zuwa gindin shafi. Marubucin bai taɓa ganin matar ba. Hoton a wurin wani jami'in mulkin mallaka ya karɓa, shi kuma jami'in ya ce a kasuwar Bawku ake zuba irin waɗannan. Na ce masa ga abin da muka samu: mace ɗaya, a bakin mutum ɗaya da ba mu sani ba. Yana da amfani, za mu rubuta. Amma ba ƙafar kakar Hajiya ba ce.

"Keken ɗinkina na can yana tsatsa," in ji shi. Ya sake kallon hoton. "To su masu zubin, suna nan har yanzu?"

Wannan tambayar ita nake jira daga bakin kowane ɗalibi. In ta fito, aikina ya ƙare, saura kuɗin mota.

Hanyar Bawku doguwa ce, ta Gushegu, sannan lori ta gangara dutsen Nakpanduri, ƙasa ta buɗe a gabanka kamar an shimfiɗa tabarma har ƙarshen gani. A kasuwa, bayan masu albasa, muka sami rumfar Baba Salifu, mutumin Moshi, mai zubin tagulla. Yawancin aikinsa yanzu zobba ne da 'yan dawakai na ado. Hausarsa irin ta kasuwar Bawku ce, mace da namiji duk "shi" ne. Muka gaishe shi da goro, muka shimfiɗa takardar.

Bai ce komai a kanta ba sai da ya nuna mana aikin. Ya murza kakin zuma a cinya ya zama zare, ya murɗa biyu, ya kwantar a jikin wani zobe na kaki, sai ga igiyar munduwarmu ta fito. Ya ce daga nan a lulluɓe da yumɓu, a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba tagulla a gurbinsa. In ta huce sai a fasa yumɓun.

"Uwa shi mutu, sannan ɗa shi fito," in ji shi. "Shi ya sa biyu bai zama ɗaya."

Ni dai na shagala da kallon kakin, ina tunanin abu mai taushi haka shi ke ba ƙarfe kamanni, sannan ya ɓace ba a ganinsa. Isiyaka ne ya riƙe tambaya. Baba Salifu ya ce irin wannan zanen ya gani a hannun tsofaffinsu, amma ba zai rantse daga gidansu ta fito ba. Ya ce a buɗe ake zuba ta, mace ta ɗora ƙafa a kan kututture, a sa tsumma, maƙeri ya buga har bakin ya haɗu. Daga nan ba mai cire ta sai maƙeri.

"Su wa ke sawa, Baba?"

"Mace wanda uban shi ko mijin shi na da dukiya. Shi nuna bai zuwa gona."

"Ba bayi ba ke nan!"

Tsohon ya kaɗa kai.

"Mai dukiya shi yi ma matan da shi aura. Shi yi ma wanda shi saya, in shi so shi. Tagulla bai tambaya." Ya sake duba takardar. "Biyu ne ake yi. Ina ɗaya?"

Ba mu sani ba. Ba mu ma taɓa tambaya ba.

A lori muna dawowa, da muka hau dutsen sai Isiyaka ya matso.

"Madam, mu bar rabin maganar nan a Bawku. Mu kai wa Hajiya matar attajiri, ga littafi ga maƙeri. Wa zai sani?"

Na ce masa allurar dai ita ce ta farko, launin zaren kawai ya canza. A da ya ba baƙi abin da suke son ji, yanzu zai ba Hajiya.

"In ta kwashe kayan fa?"

Na ce tana iya kwashewa. A haka muka iso Salaga.

Ranar da Hajiya ta dawo ba ita kaɗai ta zo ba. Matan zango ne a bayanta, kowace da ɗankwali ko zane a ninke a hannu, na ɗaure kaya. Aka yi daidai akwai 'yan aji ɗaya a ɗakin da malaminsu, da wata baƙuwa daga hayin teku mai furfura a goshi. Na kawo wa Hajiya kujera, na roƙe ta ta saurari rakiya ɗaya kafin ta ɗauka.

"In saurara? To. Tela, ɗinka mu gani."

Isiyaka ya tsaya a gaban akwatin da kati a hannu. Yana faɗa da Hausa, malamin yana juya wa baƙuwar. Ya fara da ido: nauyinta, da igiyoyin da aka murɗa da kaki, da cikinta da ya yi sumul, gefe ɗaya ya cinye, alamar wadda ta sa ta ba zama ta yi ba. Ya faɗi abin da littafin Yendi ya ce, da inda littafin ya samo. Ya faɗi sunan Baba Salifu da yadda ake bugawa a ƙafa. Ya kai kan matan masu dukiya, sai ya tsaya. Sannan ya faɗi ɗaya rabin, duka, bai rage ba.

Wata daga cikin matan ta ce, "A'uzubillahi," ta fara warware zanenta.

"Wadda ta sa wannan, ko wace ce ita, ban sani ba," in ji Isiyaka. "Abin da na faɗa a da, ni na ɗinka shi, ba wanda ya gaya mini. Kuma an ce biyu ake yi. Inda ɗayar take, shi ma ban sani ba."

Kowa ya juya ya kalli Hajiya.

"Ɗaga mini gilashin," in ji Hajiya.

Na ɗaga. Ta ɗauki munduwar ta ɗora a cinya, ta sa babban yatsa daidai inda ya cinye, kamar ta san wurin tun da.

"Ka ce an sa mata don kada ta gudu. Da wannan a ƙafarta ta fita garin nan lokacin da yaƙi ya watsa shi, da uwata a goye, ta taka har Kete Krachi. 'Yar'uwar munduwar kuwa wani maƙeri ya ɓalle mata a hanya, ta ba mai fito ya haye da su Daka. Wannan ta ce ba mai taɓa mata. Tun daga nan take tafiya a karkace, ƙafa ɗaya nauyi ɗaya sakayau. Ina yarinya na bi bayanta ina kwaikwayonta, na sha muciya."

Yara suka yi dariya, malaminsu ya harare su. Da ya gama juya maganar, baƙuwar ta yi tambaya a hankali. Malamin ya dube ni, sannan ya faɗa: tana so ta sani, kakar 'ya ce ko baiwa?

Hajiya ta dubi matar, ta daɗe tana dubanta.

"Tana da tsaga a fuska, ba irin ta gidanmu ba. In tana daka takan yi wata waƙa da yaren da ba mai ji a gidan. Ban tambaye ta ba. Uwata ma ba ta faɗa ba." Ta juya munduwar. "Ban sani ba. Kakata ce."

Ta kalli Isiyaka.

"Abin da ya ƙona ni, ni da na kwana a bayanta ban sani ba, kai kuma ka tsaya kana faɗa kamar kai ka riƙe wa maƙerin guduma."

Ta goge tagullar da gefen mayafinta, ta mayar da ita cikin akwatin da hannunta, ta gyara mata zama yadda gefen da ya cinye zai kalli masu shigowa.

"'Yar nan, ina fensirin naki? Rubuta a gidan baki, ki sa sunana. Kai kuma tela, in ka ƙara ɗinki a ɗakin nan, leɓenka zan kai wa keke."

Matar da ta warware zane ta tsaya da shi a hannu, ta rasa yadda za ta yi, sai ta yafa shi. Kafin su fita, biyu daga cikinsu sun tsaya a gaban kayansu suna gaya mini abin da ba su taɓa faɗa ba, ina rubutawa a tsaye. Isiyaka kuwa ya zama shi ke riga ni zuwa darasin Asabar, har ya koma Tamale da kekensa.

Hajiya ta rasu, 'ya'yanta sun bar mana munduwar a kan aro kamar yadda ta bari. Fuskar katin ta cika, gida uku duka, da rubutun tela da nawa. A bayansa akwai tambaya ɗaya da fensir. Na bi ta cikin littattafan Yendi, na aika da ita Kete Krachi ta hannun masu kifi, na kwatanta tsagar ga tsofaffi a Bawku, kowa ya kira ƙabila dabam. Ban goge ta ba.

Ranar Asabar kowa ya zo da fensir, akwai ƙwarya tana jiran kowannenku. Shi kuma wanda ya ce baki kawai ake bukata, shi zai fara tsayawa a gaban akwatin kusa da taga. Zan ba shi katin, ya karanta mana daga baya.